Yadda Ake Kama Hayar Gida a Sababbin Benayen Akra

Wanda ya san Akra, babban birnin Ghana, shekaru ashirin da suka wuce, idan ya bi ta Cantonments ko Ridge ko Airport Residential a yau, zai ga unguwannin sun sauya kama. An rushe da yawa daga cikin tsofaffin gidajen manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda kowannensu ke zaune shi kaɗai a tsakiyar makeken fili mai itatuwan mangwaro, an ɗora benaye masu hawa shida ko takwas ko goma a gurbinsu. Ginin ya bazu zuwa Labone da Osu da Roman Ridge da Dzorwulu da East Legon, har ya fara leƙa Adabraka da Kokomlemle. Mutanen Nima da Mamobi suna hango waɗannan benaye daga ƙofar gida, kuma yanzu akwai 'ya'yan zango da yawa, ma'aikatan banki da na kamfanonin waya, da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin, da waɗanda suka dawo daga Jamus ko Amurka, masu son kama haya a cikinsu ba tare da sun yi nisa da iyaye ba.

Abin da ya kamata mai neman irin wannan gida ya riƙe tun farko shi ne, zaman bene ya dogara ne da na'urori da ma'aikatan da ba a hannunsa suke ba. A gidan haya na tsakar gida, idan ruwa ya ɗauke sai a tura yaro da galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba ta ɗibar ruwa, ya ɗebo a maƙwabta. A hawa na bakwai kuwa, ranar da injin tura ruwa ya lalace, ko man janareta ya ƙare, ko lif ya tsaya, ba abin da ɗan haya zai iya yi sai jiran masu kula da ginin. Saboda haka kana hayar ɗakuna ne tare da halin mutanen da ke tafiyar da ginin, kuma mafi yawan matakan da ke tafe hanyoyi ne na gane wannan hali kafin kuɗi su fita daga hannunka.

Mataki na farko: lissafi

Kuɗin da aka rubuta a talla kaso ɗaya ne kawai na abin da za ka biya. Dokar Haya ta 1963, wadda aka fi sani da lamba 220, ta hana mai gida karɓar adibas na fiye da wata shida, amma kowa a Akra ya san cewa shekara ɗaya ko biyu ake nema, domin masu neman gida sun fi gidajen yawa. A sababbin benaye, inda gidaje kan daɗe ba kowa saboda tsada, ɗan haya yana da bakin magana fiye da yadda yake zato. Sau da yawa za a yarda da wata shida, wani lokaci ma da wata uku, idan mutum ya nuna shaidar aiki ko ta kasuwanci. Kada ka ji kunyar neman wannan, tun da doka tana tare da kai.

A kan haya sai ka ɗora la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce na kuɗin da ka biya. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, yawanci na wata ɗaya ko biyu, wanda ake mayar maka ranar tashi idan ba ka lalata komai ba. Sai kuɗin hidima, wato abin da ake karɓa duk wata ko duk wata uku don biyan masu gadi, da sharar farfajiya, da kwashe bola, da gyaran lif, da wutar matattakala. Wasu masu gida suna haɗa shi cikin haya, wasu kuma ba sa ambatonsa sai an sa hannu. Ɗauki misali: gidan da aka ce dala 1,000 a wata, idan an nemi shekara ɗaya, ya zama 12,000, la'ada 1,200, ajiya 1,000. Mutum ya riga ya fitar da 14,200 tun bai biya kuɗin hidima ba, bai sayi wuta ba, bai rataye labule ba.

Wannan misali ya kawo mu ga maganar dala, wadda ita ce ta fi ruguza lissafin mutane. A doka, sidi ne kuɗin ƙasa, kuma Dokar Musayar Kuɗin Waje ta 2006 da sanarwar da Bankin Ghana ke yawan maimaitawa sun hana sa farashi da dala ba tare da izini ba. Duk da haka, mafi yawan gidajen waɗannan unguwanni da dala ake tallata su. A shekarar 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da 13 kafin ƙarshenta, wato mai albashin sidi ya wayi gari hayarsa ta ninka ba tare da mai gida ya ƙara masa ko kwabo ba. A 2025 kuma sidi ya yi ƙarfi, sai wasu masu gida suka ƙirƙiro nasu canjin, wanda ya fi na kasuwa. A ganina, wanda samunsa na sidi ne bai kamata ya sa hannu a kan dala ba. Idan mai gida ya kafe, to a rubuta adadin da sidi na tsawon wa'adin, ko aƙalla a rubuta cewa canjin Bankin Ghana na ranar biya za a bi.

Wanda adibas ya yi wa nauyi zai iya tambayar shirin tallafin haya na ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a 2023, inda ake biyan mai gida a dunƙule, ɗan haya ya riƙa maida wa shirin wata-wata. Ana neman katin Ghana da shaidar samun kuɗi. Mai gudun riba ya tambayi abin da ake ɗorawa a kan bashin kafin ya cike takarda.

Mataki na biyu: unguwa

Sunan unguwa ba ya hana ruwa shiga gida. Akra tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma yawancin ruwan da ya sauka a tsakiyar gari yana neman hanyar kogin Odaw ne. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a mahaɗar Kwame Nkrumah Circle da ke tsakiyar gari, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sake ginin ma ya ƙara matsalar, domin filayen da ƙasa ke shanye ruwa a da yanzu an malale su da siminti. Wanda ke hawa na biyar ba zai jiƙe ba, amma motarsa tana garejin ƙasa, kuma janareta da injin ruwa ma galibi can ƙasa ake ajiye su. Dubi gindin katanga da ginshiƙan gareji ko akwai layin laka, ka tambayi mai sayar da koko ko mai shagon da ke bakin titi yadda layin yake kasancewa a watan Yuni.

Gwada hanyar da za ka riƙa bi da ƙarfe bakwai na safe da kuma shida na yamma a ranar aiki, domin tafiyar minti goma ta ranar Lahadi tana iya cin awa guda ranar Litinin. Je ka wurin da daddare ranar Juma'a ko Asabar, musamman a Osu da East Legon inda gidajen rawa suka yi yawa. Kusa da filin jirgin sama kuma, tsaya har jirgi ɗaya ya tashi ka ji. Idan akwai fili ko tsohon gida a jikin katanga, sa a ranka cewa wata rana za a fara gini a wurin, kuma ƙarar injin kwaɓa siminti za ta zama maƙwabciyarka na shekara biyu.

Mataki na uku: dillali

A nan ba sai an tsawaita ba. Dokar Dillancin Gidaje da Filaye ta 2020 ta kafa majalisar da ke ba dillalai lasisi, saboda haka tambayar lasisi ba rashin kunya ba ce. Kuɗin nuna gida al'ada ce da ta zauna, amma a yi ciniki a kansa da kan la'ada kafin a shiga mota. Dillalin da ya ce ka tura wani abu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don a riƙe maka gidan da ba ka gani ba, wai akwai wani mai kuɗi da zai biya gobe, rabu da shi. Hotunan intanet kuma sau da yawa na gidan nuni ne da aka ƙawata, ba na wanda za a ba ka ba.

Mataki na huɗu: duba gidan

Tayil mai sheƙi da fitilun silin su ne abin da aka yi don idonka, kuma su ne mafi arha a ginin. Fara da ruwa. Buɗe famfon kicin da shawa da na banɗaki a lokaci ɗaya, ka ga ko ƙarfin ruwan zai ragu, sannan ka ja ruwan masai ka tsaya har tankin ya sake cika. Tambayi daga ina ruwan yake zuwa: daga kamfanin ruwa na Ghana, wanda ke kawo wa Akra ruwa daga Weija da Kpong kuma yake raba shi kwana-kwana a unguwanni da dama, ko daga rijiyar burtsatse, ko kuwa tanka ake saye. Ruwan burtsatse a sassa da yawa na Akra yana da gishiri, kuma za ka gane shi daga farin tabo a bakin famfo da tsatsa a kan shawa. Nemi a nuna maka tankunan ajiya, ka ƙirga gidajen da ke shan su, ka tambayi ko injin turawa ɗaya ne ko akwai na ko-ta-kwana. Idan tanka ake saye, wa ke biya?

Sai wuta. Gidanka ya kasance da mitarsa ta kati ta ECG, kamfanin wutar lantarki, shi kaɗai, ka rubuta lambarta, ka tabbatar ba a bar bashi a kanta ba. Mitar haɗaka, inda manaja ke raba kuɗi yadda ya ga dama, ita ce tushen rabin rigimar da ake yi a benaye. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 ya san darajar janareta, amma kalmar “akwai janareta” ba ta isa amsa ba. Yana tashi da kansa ne ko sai an taso mai gadi? Yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da firji ko fitilu kawai? Yana ɗaukar lif da injin ruwa? Kuɗin man dizal yana cikin kuɗin hidima ne ko ana kawo takardarsa daban a ƙarshen wata? Ka roƙa a tayar da shi a gabanka. Ginin da ake kula da shi ba zai ga wannan a matsayin wahala ba.

Lura da inda manyan tagogi suka fuskanta. Bangon gilashi mai kallon yamma yana da kyau a hoto, amma daga azahar zuwa magariba falon zai zama tanda, kuma katin wuta zai riƙa ƙarewa kafin mako ya zagayo. Gida mai tagogi ta ɓangarori biyu, inda iskar teku ke ratsawa, ya fi sauƙin zama nesa ba kusa ba. A Osu da La iskar gishiri tana cin ƙarfe, sai a dubi hannun ƙofa da ƙarfen baranda. Buɗe durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka sunsuna, ka shafa bangon da ke bayan banɗaki, ka ɗaga kai ka dubi kusurwar silin. Sabon fenti a wuri ɗaya tak alama ce ta yoyon da aka rufe. Zuba ruwa bokiti guda a ƙasan banɗaki ka ga ko zai gangara magudana. Masu zanen waɗannan gidaje ba su yi tunanin mai alwala sau biyar a rana ba, kuma akwai banɗakunan da ba su da magudana sai a cikin akwatin shawa.

Sauka ta matattakala ko da lif yana aiki. Nan ne ake ganin gaskiyar gini: ko fitilu suna ci, ko tukwanen kashe gobara suna nan da kwanan watansu, ko an kulle ƙofar fita da kwaɗo an jibge tsofaffin katifu a bayanta. Tambayi takardar shaidar hukumar kashe gobara, da izinin gini daga majalisar yankin: Cantonments da Labone suna ƙarƙashin La Dade-Kotopon, Osu da Ridge da Adabraka suna Korle Klottey, East Legon da Dzorwulu suna Ayawaso ta Yamma. Akra ta ga girgizar ƙasa mai ƙarfi a 1939, ta kuma ga rushewar wani katafaren kanti a Achimota a Nuwamban 2012, saboda haka tambayar takardar gini ba tsirfa ba ce. Mafi yawan garin ba shi da babbar magudanar ƙazanta, tankin masai ake haƙawa, to ka tambayi sau nawa ake kiran motar kwashewa.

Bayan dillali ya tafi, koma kai kaɗai wurin mai gadi. Da yawa daga cikinsu mutanen arewacin Ghana ne masu jin Hausa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, “Baba, barka da aiki, yaya iyali?”, ka zauna a bencinsa, sannan ka tambaya a hankali: “Baba, don Allah, in wuta ta ɗauke da dare, yaya ake yi a gidan nan?” Abin da zai gaya maka a minti biyar ya fi duk abin da ke cikin takardar talla. Idan ya ce wata biyu ke nan ba a biya su albashi ba, ka riga ka san inda kuɗin hidimarka zai tafi.

Mataki na biyar: dokokin gidan

Kowane irin wannan gini yana da takardar dokoki, kuma mutanenmu ba su cika neman ta ba sai an kawo musu ƙara. An rubuta dokokin ne da tunanin ma'aikacin ofishin jakadanci ko na kamfanin mai, mutum ɗaya ko biyu da akwatunansu. Gidan ɗan zango kuwa ba ya rabo da baƙi: ƙanwar matarka ta zo jego, kawu ya taso daga Tamale ko Yendi zai ga likita a Korle Bu, ɗan yayanka ya samu makaranta a Legon bai samu ɗaki ba. Tambayi ko akwai iyakar mutanen da za su kwana da iyakar kwanakin baƙo, da yadda ake shigar da baƙo ta ƙofa, domin ba daɗi a tsayar da Hajiya mahaifiyarka a bakin get ana neman katinta. Sanar da masu gadi su wane ne manyan gidanku tun ranar farko.

Tambayi maganar taro: suna, walima, zaman makoki, addu'ar bakwai. Wasu gine-gine suna da zauren da ake haya, wasu kuma ba sa yarda ko da kujera goma a farfajiya. Tambayi maganar ragon layya a fili, kada ka yi kara. Da wuya ka samu inda za a bari a ɗaure rago a gareji ko a yi yanka a farfajiya, saboda haka yawancin mutane a gidan iyaye a zango suke yin layyarsu su kawo nama, kuma wannan ma dalili ne na zaɓen unguwar da ba ta yi nisa ba. Girki da gawayi a baranda, shanya a jikin ƙarfe, daka a turmi bisa kan wani, duk akan hana su. Wanda ke Ridge ko Roman Ridge ko Cantonments yana kusa da Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, amma ka nemi masallacin da za ka iya zuwa da ƙafa don asuba. A ƙarshe, tambayi gidaje nawa ne a hawanka ake bayarwa haya ta kwana-kwana ta Airbnb. Idan sun yi yawa, maƙwabtanka za su riƙa sauyawa duk mako, kuma a watan Disamba, lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, barci zai yi wuya.

Mataki na shida: mai gida da yarjejeniya

A bene ɗaya kowane gida yana iya zama da mai shi daban, wasu ma suna ƙasar waje. Dole ka san wanda kake hulɗa da shi: mai gidan ne, ko kamfanin da ya gina, ko kamfanin kula da ginin, ko ɗan haya ne ke son sake bayarwa, abin da doka ba ta yarda da shi ba sai da izinin mai gida. Nemi ganin takardar mallaka da katin shaidarsa, ka ga sunayen sun dace. Wakili ya nuna takardar wakilci. Idan kuɗin suna da yawa, biyan lauya ya yi bincike a Hukumar Filaye ya fi arha a kan asarar adibas na shekara. Tambayi manaja kuma ko mai gidan yana da bashin kuɗin hidima, domin akan yanke wa gida ruwa ko janareta saboda bashin da ɗan haya bai san da shi ba.

Yarjejeniya ta ƙunshi sunaye, da lambar gida da adireshin dijital na GhanaPostGPS, da ranar shiga da ta fita, da haya da irin kuɗin da za a biya ta da shi, da abin da kuɗin hidima ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya. A rubuta wanda zai gyara na'urar sanyaya ɗaki da injin zafafa ruwa da yoyon bango, da kwanakin da za a yi gyaran a cikinsu. A rubuta sanarwar wata nawa kowane ɓangare zai bayar, da yadda za a mayar maka da ragowar adibas idan aiki ya ɗauke ka kafin wa'adi, da sharaɗin sabuntawa. Harajin haya, kashi 8 cikin 100 a gidan zama, da harajin gini na majalisa, nauyin mai gida ne, kada a lallaɓo a ɗora maka. Duk alkawarin da aka yi da baki, kamar za a sa raga a taga ko za a sake fenti, ya shiga takarda da ranar cikawa. Shaidu biyu su sa hannu, a kai takardar a buga mata hatimin haraji, kowa ya riƙe kwafinsa.

Mataki na bakwai: biya, shiga, da fita

Biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniya, ka karɓi rasit mai nuna watannin da kuɗin suka rufe. Kada kuɗin haya su bi ta hannun dillali. La'adarsa kaɗai za ka ba shi, bayan makulli ya shigo hannunka. Ranar shiga, kafin a sauke kaya, zagaya da manaja kuna rubuta duk abin da ke gidan da halin da yake ciki, ka ɗauki bidiyo da waya har da lambar da mitoci ke nunawa, ku sa hannu ku biyu. Nemi izini ka sauya makullin ƙofar shiga. Tambayi ranar da aka yarda a yi jigilar kaya da lif, kuma ka auna shi, domin manyan kujerun da kafintocinmu ke yi ba kullum suke shiga ba.

Idan saɓani ya taso, fara da wasiƙa ko saƙon da zai zama shaida, sannan ka kai ƙara Sashen Kula da Haya, wanda ke kiran ɓangarorin biyu ya sasanta, abin da ya gagara kuma ya wuce kotu. Mai gida ba shi da ikon sauya makulli, ko cire ƙofa, ko fitar da kayanka ba tare da umarnin kotu ba. Kai ma kada ka riƙe haya da sunan fushi, domin rashin biya yana cikin dalilan da doka ta yarda a tashi mutum a kansu. Idan za ka tashi, ba da sanarwa a rubuce cikin wa'adin da aka yarda, ka nemi a zo duba gida mako biyu kafin ranar, don ka gyara ƙananan abubuwa da mai aikinka maimakon a cire maka da farashin kamfani. Fito da takardar ranar shiga da bidiyon, ku bi su ɗaki-ɗaki, a rubuta adadin ajiyar da za a mayar da ranar da zai shiga asusunka kafin ka miƙa makulli.